Takardar kuɗin motar asibiti ta iso? Dakata kafin ka biya

'Yan uwa mazauna Amurka, abin da nake yawan gani a wajen aiki shi ne mutum ya shigo da takarda a hannu, fuska a murtuke: an kai mahaifiyarsa asibiti wata biyu da suka wuce, yana da inshora, amma ga kamfanin motar asibiti na neman dala dubu da wani abu. Wasu ma sun riga sun ci bashi sun biya.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan ka kira 911, ba kai ke zaɓen motar da za ta zo ba. In kamfaninta ba shi da yarjejeniya da inshorarka, inshora ta biya abin da ta ga dama, su kuma su biyo ka da ragowar.

Akwai dokar tarayya mai suna No Surprises Act, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ta hana irin wannan cajin a sashen gaggawa na asibiti, ta kuma hana shi idan jirgin sama ne ya ɗauki majinyaci. Amma motar ƙasa, wadda ita talaka ya fi shiga, an bar ta a waje. A ganina wannan babban giɓi ne.

Wasu jihohi sun toshe shi da dokokinsu, kamar New York, Maryland, Ohio da Illinois. Kalifoniya ta bi sahu a 2024. Sai dai dokar jiha ba ta hawa kan inshorar da kamfanin da kake wa aiki ke biyan kuɗin jinyarta daga aljihunsa, kuma manyan kamfanoni da yawa haka suke yi. Tambayi ofishin ma'aikata wace iri ce taka. Mai Medicaid kuwa, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a ƙa'ida ba a bin sa ragowa.

In takardar ta zo, ajiye ta gefe da takardar bayani ta inshora, wadda ake kira EOB, ka duba ko adadin ya yi daidai. Kira inshora ka ce gaggawa ce, a sake dubawa; in sun ƙi, ɗaukaka ƙara a rubuce. Nemi kamfanin motar ya yi ragi ko a biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa suna yarda. Lambar ƙorafi ta gwamnatin tarayya ita ce 1-800-985-3059.

Kuma don Allah, in dattijo ya dafe ƙirji ko bakinsa ya karkace, a kira 911 nan take, kada a tsaya neman mai Uber. Maganar takarda, kawo mana ita daga baya mu zauna a kai.