Kafin Ka Sayi Iri, Tona Ƙasarka Ka Gani

Yawancin masu zuwa wurinmu da kukan lambun bayan gida ya ƙi, iri suke ɗora wa laifi. Idan muka je muka tona, sai mu tarar ƙasar ce ta gaji: ta daskare kamar daɓe, ruwa na kwanciya a kanta, ko tana ɗaya babu. Duk mai son noman kayan lambu ba tare da takin zamani da maganin feshi ba, daga ƙasa zai fara.

Nemi wurin da rana ke dukansa aƙalla awa 6 a yini. Kada ka yi zari, fangali ɗaya ko biyu sun ishe ka a farko. Faɗin kowanne kada ya wuce mita 1.2, yadda hannunka zai kai tsakiya ba sai ka taka ba, don tattakawa ce ke toshe ƙofofin iska da ruwa. Sai ka jiƙa ƙasar ka dunƙula. In ta wargaje nan take, rairayi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta manne a hannu, laka ce, saiwa za ta sha wuya. Maganinsu ɗaya: ruɓaɓɓen taki.

Wannan takin kuwa a gida ake haɗa shi. Busassun ganye da ciyawa da kara kashi 2 zuwa 3, ɗanyen ganye da ɓawon kayan lambu da kashin dabbobi kashi 1. Busassun su ne abincin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da tsibin, ɗanyun ke ba su naitirojin, sinadarin da suke buƙata don su yawaita. A jera su hawa-hawa har tsibin ya kai kamar mita ɗaya tsawo da faɗi, domin ƙarami ba ya riƙe zafi. Danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi, yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafin nan ke kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta da dama. A riƙa juya shi duk sati ɗaya ko biyu. In ya yi ɗoyi, ruwa ko ɗanyen ganye ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ya ƙi zafi, ƙishi yake ji ko ɗanyen ya yi kaɗan. Da ɗumi, cikin wata 2 zuwa 3 zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Nama, mai, da kashin kare ko na kyanwa ba sa shiga.

Abin da na fi ja wa mutane kunne a kai shi ne ɗanyen kashin kaji ko na shanu. Yana ƙona saiwa, yana kuma iya ɗauke da cuta zuwa latas da karas da ake ci ɗanye. In dole sai an zuba shi haka, a bar kwana 120 kafin girbi.

Bayan shuka, rufe fangalin da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, amma kada ta taɓa gindin tsiro. Tumatir, barkono da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka kada ɗaya ya gaji ɗaya a fangali. Sa wake a tsakani, in ka girbe ka yanke shi daga gindi, ka bar saiwar a ƙasa.