Waiwaye: Dalilin da ya sa samar da ruwan haidrojin ke cin wutar lantarki

Tun da jirgin ruwan Suiso Frontier ya yi dakon ruwan haidrojin, wato iskar makamashi da aka sanyaya har ta zama ruwa, daga Ostareliya zuwa Kobe ta Japan a 2022 ake ta ja-in-ja kan ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Kilo ɗaya na haidrojin yana ɗauke da ƙarfin kusan yunit 33 na lantarki, amma mayar da iskar ruwa kan lashe yunit 10 zuwa 13. Kusan sulusi ke nan ya tafi tun kaya ba su bar masana'anta ba.

Abin ba yau ya faro ba. A 1898 masanin kimiyya James Dewar ya fara mayar da iskar ruwa a Landan, a sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Wannan kowa ya ji.

Wanda aka cika tsallakewa shi ne abin da masana kimiyya Bonhoeffer da Harteck suka tabbatar a Jamus a 1929: haidrojin iri biyu ne, orto da para. A zafin ɗaki kashi 75 cikin ɗari orto ne, amma da ya zama ruwa sai ya riƙa rikiɗewa zuwa para a hankali, yana fitar da zafi. Zafin nan ya fi wanda ruwan ke buƙata ya tafasa. Ka cika tanki, ka toshe kowace kafa da ɗumi zai shiga, ka dawo bayan mako guda ka tarar kusan rabi ya bi iska. Ɓarawon yana cikin ɗaki.

A shekarun 1950 aka samo maganinsa a Amurka: wani gari dangin tsatsar ƙarfe da ake zubawa a hanyar iskar, ya hanzarta rikiɗar tun ana cikin sanyayawa. Tanki ya daina ƙafewa, amma zafin bai ɓace ba, an dai mayar da shi kan injin sanyaya, a wurin da cire ɗigon zafi ya fi tsada. Lokacin kuwa roka ake son harbawa, kuɗin wuta ba shi ne damuwa ba. A ganina nan gizo ke saƙa, domin akasarin masana'antun yau kan wancan fasalin aka gina su: a fara sanyayawa da ruwan naitrojin, sannan a yi ta matse iska ana sake ta.

A lissafi yunit 4 ma sun isa a mayar da kilo ɗaya ruwa. Sababbin tsare-tsaren da injiniyoyi ke zanawa suna hararar yunit 6 ne, kuma yawancinsu suna kan takarda tukuna.