Waiwaye: Yadda aka fara auna amfanin aikin jinya

A watan Nuwamban 1854, ana tsaka da yaƙin Kirimiya, Florence Nightingale, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari a Istanbul tare da ma'aikatan jinya 38. Ta tarar da cunkoso, ƙazanta da magudanai a toshe. Bayan ta koma Ingila suka zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka tace alƙaluman mace-mace, sai ga shi ƙarara: atuni, kwalara da taifot sun fi harsashi cin rayukan sojoji. A 1858 ta fitar da wannan a zane, don mahukunta su gani da idonsu.

Sai dai ƙirga gawa kawai bai isa ya nuna aikin nas ba. A 1966 Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya ce a duba abu uku: kayan aiki da ma'aikatan da asibiti ke da su, abin da aka yi wa mara lafiya, da yadda ya ƙare. Daga nan aka shiga neman abubuwan da hannun nas ke taɓawa kai tsaye, kamar gyambon kwanciya. Dattijon da aka bari kwance a gefe guda, fatar ƙugunsa ta yi ja, ta kumbura, ta fashe, wannan ba wuƙar likita ba ce ta jawo, rashin mai juya shi ne. A 1998 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta kafa rumbun tattara irin waɗannan bayanai ɗaki-ɗaki, har da yawan faɗuwar marasa lafiya.

Binciken da masaniyar aikin jinya Linda Aiken ta fitar a 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ne ya fi tayar da ƙura: duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane ɗaki da irin awonsa. A ɗakin haihuwa zubar jini ake tsoro, a ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai kuwa cutar da ke bin robar fitsari ko ta numfashi. Mai ciwon ajali, ba warkewa ake nema masa ba, sauƙin raɗaɗi ake nema.

A asibitocinmu kuwa akwai abin da ma'aunin Amurka bai sani ba. 'Yar uwar da ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ita ke juya mara lafiya, ta wanke shi, ta ba shi kunu, ta ruga kiran nas da tsakar dare. In gyambo bai fito ba, rabin aikin nata ne, amma ba a rubuta ta a fayil.