Ranakun Tunawa a Tarihin Lissafi da Kimiyya

Ranakun tunawa su ne ranakun da ake keɓewa don haihuwa ko rasuwar wani masani, ko don wani abin da aka gano. Wasu suna da hujja a takardun tarihi, wasu kuwa an ƙirƙiro su ne saboda lambobin kwanan watan sun yi kama da wata lamba ta lissafi.

Matsalar kalanda

Mafi yawan kurakurai daga nan suke. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalandar Juliyas, aka tsallake kwana 10, washegarin 4 ga Oktoba ta zama 15 ga Oktoba. Italiya da Sipaniya sun bi nan take, Ingila kuwa sai 1752, inda ta tsallake kwana 11. Don haka mai son mayar da kwanan watan Ingila zuwa sabuwar kalanda zai ƙara kwana 10 idan abin ya faru kafin ƙarshen Fabrairun 1700, kwana 11 idan bayansa ne.

Ana yawan cewa an haifi Isaac Newton a shekarar da Galileo ya rasu, wato 1642. Galileo ya rasu ranar 8 ga Janairun 1642 a sabuwar kalanda. Newton kuwa an haife shi 25 ga Disamban 1642 a tsohuwar kalandar da Ingila take bi a lokacin, wadda ta yi daidai da 4 ga Janairun 1643. Idan aka mayar da Galileo tsohuwar kalanda, rasuwarsa za ta koma Disamban 1641. Ke nan sai an gwama kalandu biyu kafin shekarun su haɗu.

Ranar Pi

Pi ita ce lambar da ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta, wato kusan 3.14. Larry Shaw ne ya fara bikin ranarta a 1988 a gidan kimiyya na Exploratorium da ke San Francisco. Tana faɗowa 14 ga Maris saboda Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, 3/14. Inda ake fara rubuta rana, wasu sun fi son 22 ga Yuli, kuma a gaskiya 22/7 ya fi kusa da pi fiye da 3.14. A 2019 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana 14 ga Maris a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya. A ranar ce aka haifi Einstein a 1879.

Masu ganin 6.28, wato pi sau biyu, ta fi dacewa suna nasu bikin 28 ga Yuni.

Masanan dā

Masanan dā kuwa, ƙiyasi kawai ake yi na lokacin haihuwarsu. Arkimidis, masanin lissafi na Girka, ana hasashen an haife shi wajajen 287 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Al-Khawarizmi kuwa, shi ma masanin lissafi, ana sanya haihuwarsa wajajen 780 miladiyya, kuma a kan wannan ƙiyasi ne Tarayyar Sobiyet ta fitar da kan sarki a 1983 don cikarsa shekara 1200.