Musayar gado tsakanin kromozom a lokacin meyoz

Musayar gado, wadda ƴan lise masu karatun SVT suka sani da kirosin-oba, abu ne da ke faruwa cikin ƙwayar halitta sa'ad da jiki ke haɗa maniyyi ko ƙwan mace, a gero kuwa sa'ad da ake haɗa bununi da ƙwan da zai zama tsaba. Kromozom, wato zaren da ke ɗauke da gado cikin ƙwayar halitta, biyu masu kama da juna, guda na uba guda na uwa, su kan manne, su tsinke a daidai wuri guda, kowane ya ɗauki guntun ɗan uwanshi ya liƙa. Kamar igiya ja da igiya fara ne a jera su a yanke wuri guda a ƙulla kan wannan da wutsiyar waccan.

Mutum na da kromozom 46, wato tagwaye 23. Meyoz ita ce rabuwar da ke rage su zuwa 23, don in na miji ya gamu da na mace lissafi ya koma 46. Rabuwar sau biyu ake yin ta, musayar kuma tun farkon ta farin take aukuwa, a matakin da ake kira forofaz na ɗaya, lokacin kowane kromozom ya riga ya kwafi kanshi ya zama zare biyu, to ka ga zare huɗu kenan kwance gefe da gefe. Wani furotin mai suna Spo11 shi ke tsinka ADN, wato sinadarin gadon da ke cikin zaren, da gangan, sai ƙwayar ta zo gyara, a wajen gyaran ne wani lokaci ake haɗa zaren uba da na uwa. Mahaɗin ana ganin shi a madubin likita kamar gicciye, sunanshi kiyazma.

Amfanin abin ga shi ne bambanci. Ko ba musaya, yadda tagwayen 23 ke rabuwa kaɗai na iya ba da haɗi iri 8,388,608, amma dai kowane kromozom da zai tahi ga ɗa sukutum, na kaka namiji ko na kaka mace. Da musayar kuwa galibi kromozom ɗin da kake ba ɗanka ba na babanka ba ne ba kuma na innarka ba, haɗe-haɗe ne sabo da ba a taɓa yin irinshi ba, shi ya sa za ka ga ƴaƴa goma uwa ɗaya uba ɗaya wani dogo wani gajere wani hancin dangin uba idon dangin uwa. Wani abin mamaki, a jikin mace musayar tun tana cikin cikin uwarta ake yin ta, ƙwan ya tsaya cak shekaru har ta balaga. Kuma mata sun fi maza yawan musaya. Kromozom Y, wanda maza kaɗai ke da shi, kam ƙarshenshi kaɗai ke musaya da abokin tagwaicinshi X, sauran na bin layin maza kusan yadda yake.

Tarihi

Frans Janssens ɗan ƙasar Beljiyam ne ya bayyana kiyazma a 1909. Thomas Hunt Morgan, a jami'ar Kolombiya ta Amurka, yana gwaji da ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen ɗan itace, ya gane a 1911 cewa halayen da ke kan kromozom guda wani lokaci suna rabuwa. Ɗalibinshi Alfred Sturtevant ya zana taswirar gado ta farko a 1913 bisa dabara mai sauƙi: in ƙwayoyin gado biyu, wato guntayen kromozom masu ɗauke da hali, na nesa da juna musaya ta fi saurin raba su, in suna maƙwabtaka da wuya. A 1931 Harriet Creighton da Barbara McClintock suka nuna da masara cewa guntayen da gaske suke canza wuri.

Abin kan ɓaci ma. Kiyazma ce ke riƙe tagwayen har su rabu daidai, in ba a samu ba sai duka biyun su iya faɗawa ƙwai guda, wanga na cikin hanyoyin da ake samun yaro mai kromozom na 21 guda uku, cutar Down kenan. In kuma zaren bai jeru daidai ba ɗaya ya kwashi ƙari ɗaya ya yi asara, haka ake samun wani nau'in ƙarancin jini na gado, alfa-talasemi, da ke da yawa a Afirka.

Masu gyaran iri kamar na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna kusa da Maradi da musayar nan suke aiki kullum, gero kromozom 14 gare shi, wake 22, dawa 20. Sai a haɗa iri mai saurin nuna da mai babban zangarniya a shuka jikokin a zaɓi wanda ya haɗa duka biyun. Wahalar ita ce in hali mai kyau na manne da maras kyau a kan kromozom guda, nan kam sai an shuka dubban tushe damina bayan damina kafin a dace da wanda musaya ta faɗa daidai tsakaninsu.