Iyaye, asirin wa kuke rufawa ne wai?

Assalamu alaikum iyayena mata da maza na Marwa da kewaye a nan Kamaru. Yau ba zancen rigakafi ko gidan sauro na zo da shi ba, abin da ya cika min ciki daban ne, in kun ji na yi zafi ku yi haƙuri, ku kuka ja.

Ni ungozoma ce, da yawanku a hannuna kuka haihu, wasu yaran da na yanke wa cibiya su ne yanzu suke lise, wato sakandare, suna wuce ni da tenu, kayan makaranta, suna gaishe ni. To irin waɗannan yaran ne ake ta kawo min da ciki, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma kullum a makare, kullum bayan aikin gama ya gama. Kwanakin baya wata uwa ta shigo da 'yarta daf da la'asar lokacin layi ya watse, da gani ta zaɓi lokacin ne don kar ta haɗu da idon sani. Wai palu ne, zazzaɓin cizon sauro, jiri da kasala, a ba su magani su tafi. Yarinyar shekararta 15, tana tirwaziyem, aji huɗu na sakandare, bana ya kamata ta zauna jarrabawar BEPC. Na ce 'yata hau gado, tana ɗaga hijabi na ga ta ɗaure ciki tamau da ɗankwali har ya yi mata shati a jiki, siket ɗin tenu kuma an fasa ɗinkin gefe an ƙara kyalle. Ban ma tsaya wani gwaji mai nisa ba, hannuna ya gaya min wata biyar ne. Uwar ta kama hannuna tana rawar baki, abin da ta fara cewa shine Madam don girman Allah ki rufa mana asiri. Ba ta ce waye ba, ba ta ce yarinyar lafiyarta ƙalau ba, asiri dai.

Da na fitar da uwar waje na zauna da yarinyar, ta daɗe tana murza bakin hijabi kafin ta yi magana. Malaminsu ne. Tun bara yake tsayar da ita bayan an tashi wai ta taya shi haɗa takardu, daga nan ya koma cewa makinta ba zai kai 10 cikin 20 ba sai ta zo repetisiyon, wato ƙarin darasi, a gidansa. Abin da ya fi ƙona min rai, ta ce min ai na gaya wa Inna tun farko, ta ce in rufa mata baki kar Baffa ya ji ya cire ni daga makaranta. Kun ji fa. Yarinya ta yi nata, ta kawo ƙara inda ya kamata, aka toshe mata baki da a rufa asiri.

Wannan kalma ta ishe ni wallahi. A rufa asiri, a rufa asiri. Na wa? Yarinya dai cikinta zai fito ko kun so ko ba ku so ba, unguwa za ta sani, wanda kuka rufa wa asiri shine wannan mutumin, gobe da safe zai ɗauki allonsa da alli ya shiga aji, ga 'yar maƙwabcinku zaune a benci na gaba. Ku kun yi shiru, waɗanda suka riga ku ma shiru suka yi, shi ya sa ya kai kan taku. Har suna 'yan makaranta suka raɗa wa abin da faransanci, NST, wai makin da ake ɗauka ta hanyar kwanciya kamar yadda ake ɗaukar ciwon sanyi, suna faɗa suna dariya, don kowa ya san ana yi kuma kowa ya san ba abin da zai faru.

Ni ban ce duk malamai haka suke ba, a'a, akwai masu tsoron Allah da yawa, wasu ma su ne suke turo min yara a ɓoye su ce Madam duba mana wannan ta canza. Kuma ba malami kaɗai ba, akwai manyan ɗalibai 'yan tarminal, ajin ƙarshe, da ke tare ƙananan yara a bayan ban ɗaki, ban ɗakin da ko ƙyaure babu, akwai mai moton da kuka ɗauka wata-wata yana kai ta yana dawo da ita ba ku taɓa tambayar me ya sa tafiyar minti goma ta koma awa ɗaya ba. Yara maza ma ana taɓa su, su kam sun fi shiru don kunya ta hana su ko da tari, sai dai ka ga yaro ya tsani makaranta haka kawai kuna ta dukansa wai ya lalace.

Sannan in abu ya fashe sai a tafi sulhu. A tara dattawa a zauren wani, a kawo goro, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce sharrin shaiɗan ne, a ce ya biya kuɗin awo da ragon suna, ko ma a ce to ya aure ta kawai a huta. Haba jama'a. Wanda ya cuce ta shi za ku miƙa wa ita har abada? To ku sani dokar ƙasar nan ta canza tun 2016. A da in mai fyaɗe ya auri yarinyar magana ta mutu, yanzu sashe na 297 na kundin hukunta laifuka ya ce auren ba ya hana a gurfanar da shi. Sashe na 302-1 kuma an yi shi ne musamman saboda mai amfani da matsayinsa yana matsa wa na ƙasa da shi don neman lalata, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1, in yarinya ce ƙarama shekara 1 zuwa 3, in kuwa shi ke da alhakin karatunta shekara 3 zuwa 5. Ku lura wannan tun bai taɓa ta ba kenan, matsin kawai da barazanar maki. Fyaɗe kuma nasa daban, shekara 5 zuwa 10. Aurar da wadda ba ta kai 18 ba ma laifi ne a wannan kundin. Doka na nan a rubuce, amma doka ba ta da ƙafa, ba za ta tako zaurenku ba in ba ku je kun faɗa ba.

Na san abin da kuke tsoro, ni ma uwa ce, 'ya'yana mata biyu. Kuna tsoron bakin duniya, kuna tsoron a ce ba mai aurenta, kuna ganin talaka ina shi ina ja da ma'aikacin gwamnati. Ban raina wannan tsoron ba. Amma in ta zo min cikin dare tana zubar da jini saboda wata ta haɗa mata jiƙo ko an sayo ƙwayoyi a tebur a kasuwa don a zubar a ɓoye, a lokacin bakin duniya ba ya ba da jini ko leda ɗaya, ku ne za ku tsaya a baranda kuna salati. Na ga wannan da idona, ba na son in ƙara gani.

Wani abin kuma da ke ba ni haushi, da an ji ƙishin-ƙishin sai a cire yarinya daga makaranta, shi kuma wanda ya yi laifin ko gezau. Dama can ana neman dalili, dama can in kuɗin APE, na ƙungiyar iyayen ɗalibai, ya yi wuya ita ake fara zaunarwa a gida a bar namiji, a aji ma ita ce mai shara, ita ake aika ta kai wa malam ruwa gida ko ta yi masa wanke-wanke, in ta ɗaga hannu a darasin lissafi a ce ke zauna ai ɗakin miji za ki ƙare. Wannan aike-aiken gidan malam ɗin ku hana shi kwata-kwata, daga nan ake farawa. Makaranta kuka kai ta ba aikatau ba. Kuma ko da ƙaddara ta faɗa ciki ya shiga, tun 2022 ministar ilimin sakandare Nalova Lyonga ta fitar da takarda cewa ba a korar ɗaliba don tana da ciki, za ta ci gaba da zuwa aji har sati na 26, ta je ta haihu ta dawo. In wani shugaban makaranta ya ce muku ba haka ba ku ce ya nuna muku a rubuce.

To ga abin yi, a gurguje don na gaji da maimaitawa:

In ta gaya miki, ki yarda da ita tukuna, kar ki mare ta, kar ki ce me kika saka me ya kai ki.
In an taɓa ta ku kawo ta asibiti a ranar, ko dare ne. Maganin kare ta daga ƙanjamau sai an fara cikin awa 72, kwana uku kenan, ana sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki bai wuce kwana biyar ba, kuma gara da wuri.
Kar ta yi wanka in zai yiwu, kar a wanke kayan, a naɗe a takarda a taho da su. Ku nemi satifika na likita.
Saƙon WhatsApp ko na waya kar a goge, ko na batsa ne ku daure ku ajiye.
Ku je wajen shugaban makaranta, provizer ko direkta, ku biyu ko uku, ba ke kaɗai ba, kuma a rubuce. In an yi muku hanya-hanya ku wuce santir sosiyal, ofishin jin daɗin jama'a, ko delegasiyon, ofishin ma'aikatar mata da iyali, ko jandarmeri ko komisariya, ofishin 'yan sanda.

A nan Marwa muna da ƙungiyar ALVF masu yaƙi da cin zarafin mata, su Aissa Doumara, wadda aka ba lambar yabo ta Simone Veil a Faransa a 2019 kan wannan aikin, ita ma tana ƙarama aka aurar da ita, ba baƙuwar zancen ba ce. Ku je, ba za su yi muku dariya ba.

Ku kuma iyaye maza, da ku nake yanzu. Dalilin da ya sa uwa take ɓoye muku shine ta san abin da za ku fara yi, bulala da cire yarinya daga boko, wani ma har da sakin uwar. Kun mayar da kanku dodo a gida sannan ku zo kuna cewa ba a gaya muku ba. Malam in ka dawo daga kasuwa ka zauna da 'yarka ko minti biyar, ba bilten, takardar sakamako, kaɗai za ka karɓa ka duba lamba ba, ka tambaye ta wa ke tsayar da ke bayan an tashi, wa ya saya miki wannan kiredi na waya, me ya sa ranar Talata kullum kike cewa kanki na ciwo. In ta ga ba za ka ci ta ɗanya ba za ta faɗa.

Waccan yarinyar tana zuwa awo yanzu, jininta ya yi ƙasa na ɗora ta kan magani. Na zaunar da mahaifinta da kaina, ya yi awa guda bai ce uffan ba, daga baya ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa kan maganar kai ƙara. Har yau shawara ake. Ranar Alhamis za su dawo, zan sake tambayarsa.