Ku Bar Yaran Nan Su Yi Gumi

Watan jiya wata uwa ta shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, tana riƙe da hannun 'yarta mai shekara 13. Wai kullum ciwon kai, ba ta barci sai dare ya raba, ga ciwon baya kamar na tsohuwa. Aka yi gwajin maleriya, babu. Aka duba jini, lafiya lau. Na ɗora yarinyar a sikeli, na dubi lambar, na sake dubawa. Sai na ce, "Hajiya, ba ni labarin yinin yarinyar nan, daga tashinta har kwanciya."

Ƙarfe 7 ɗan adaidaita ya ɗauke ta a ƙofar gida. Tana kan benci a makaranta har ƙarfe 2. Ta dawo ta ci abinci, ta tafi Islamiyya, nan ma zama. Bayan magariba malamin lesin ya zo, zama. Da ya tafi sai waya, a kwance. Na ce to yaushe take wasa? Uwar ta dube ni kamar na zage ta. "Wasa kuma, Malama? Ai ta girma. 'Yata natsattsiya ce, inda ka ajiye ta nan za ka same ta."

Wallahi na gaji da jin wannan maganar. Inda ka ajiye ta nan za ka same ta, sai ka ce tulu? Ba ita ce ta farko ba. Wata ba ya ƙarewa ban ga yaro uku ko huɗu irinta ba, maza da mata, 'ya'yan masu hali da na masu ƙaramin ƙarfi. Wani ya hau matakala goma yana haki. Wata wuyanta ya yi baƙi ta baya, uwar tana ta dirza da soso tana cewa dauɗa ce, alhali sau da yawa alama ce jiki ya fara kokawa da suga. Duk labarinsu ɗaya ne: an zaunar da su, an kuma yaba musu da zaman.

Iyayena, 'yan uwana, na san ba mugunta ba ce. Kuna tsoron titi, kuna tsoron abokan banza, kuna so yaro ya ci jarabawa, kuɗin makarantar ma da ƙyar ake haɗa shi. Ni ma uwa ce, na sani. Amma wannan "zauna wuri ɗaya!" da kuke daka wa yaro tsawa da ita safe da yamma, ita ce nake ganin sakamakonta a kan teburina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Hukumar ta kuma ce a duniya, cikin matasa biyar, huɗu ba sa kai wannan ma'aunin, kuma 'yan mata sun fi maza rashin kaiwa. Awa ɗaya tak. Yaron da ya yi awa uku yana latsa waya, a ce babu awa ɗaya da zai yi tsalle?

Makarantu kuma, ku ma da ku nake. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, yana nan a rubuce a jadawalin da kuka manna a bango. Amma da lokacinsa ya zo sai a ce malamin lissafi bai gama ba, a ba shi. Inda ma ake yi, a kan allo ake yi. Yaro ya kwafi tsawon filin ƙwallo da faɗinsa a littafi, ya haddace, ya ci maki, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallon ba. Na shiga wata makarantar kuɗi yin rigakafi, gidan haya ne aka yanka ɗakuna aka mayar aji, tsakar gidan ba ta isa a shanya zani biyu ba. Wata ta gwamnati kuma tana da fili, an bi gefensa an jera shaguna. Malamin wasannin fa? An ba shi bulala an ce ya tsaya bakin ƙofa yana tarar masu latti.

Wannan malamin da kuka mayar mai gadi, abokin aikina ne, ko kun sani ko ba ku sani ba. Abin da ya kamata ya gina a jikin yaro yana ɗan shekara 10, shi nake zuwa ina faci bayan shekara 30, lokacin da awon hawan jini ya haura 140 bisa 90, an fara shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa. Idan abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, sai mu tura mutum wurin masu gashin ƙashi. Ku je sashen gashi na kowane babban asibiti ku tsaya ku kalla. Magidanci mai furfura ake koya wa ɗaga hannu, da cafe ƙwallo, da taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya a tsakanin ƙarafa biyu. Motsin da aka hana shi a kyauta yana yaro, shi yake biya a koya masa, yana hawaye.

Kuma masu cewa wasa ba ya kai mutum ko'ina, ku bincika. Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya duk suna da sashe guda na karatun motsa jiki da ilimin kiwon lafiya, digiri ake yi. Kwalejojin ilimi ma suna yaye malamansa. Daga wannan karatun ake samun kociya, da mai kula da filin wasa, da mai horar da mutane a gidajen motsa jiki da suka fara yawa a biranenmu, da masu wayar da kai irina. Duk reshen bishiya ɗaya ne. Har rawa tana ciki. Wanda ya taɓa kallon 'yan koroso na Kano ya san wannan lanƙwasa da tsallen ba a kwana ɗaya ake samunsu ba, horo ne na shekaru, kuma sana'a ce da ake fita da ita ƙasashen waje. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wanda ya yi nasara a miƙa masa takobi, jiharsu ta fito tarbarsa. Waɗancan ƙartin a dandali suka fara, da kokawar yara a kan yashi.

Na ambaci rawa, na san wani ya riga ya ɓata fuska. Malam, ban ce a kai 'yarka gidan gala ba. Gaɗa nake nufi, wadda kakarta ta yi a dandali da farin wata, ana tafi ana faɗawa ana cafewa. Da 'yar gala-gala, da tsallen igiya. Maza kuma langa da ɓuya da guje-guje. Kuma ku tuna iyayenmu mata ba wasa kaɗai ke motsa su ba: daka, surfe, niƙa, jan ruwa a rijiya. Yanzu inji ya ɗauke daka, mai kura yana kawo ruwa har ƙofa, dandali ya mutu. Aikin ya tafi, wasan ma kun hana. Me ya rage wa yarinyar birni in ba zama da lemon kwalba ba? Wadda ke yawon talla a rana tun safe, nata matsalar daban ce, wannan wahala ce, ba ita nake nema wa kowa ba.

Masu fakewa da addini kuma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Karon farko ta tsere masa, daga baya da ta yi jiki ya tsere mata. Ku tambayi malaman unguwarku. To wa ya ce muku da yarinya ta fara girma sai a naɗe ta a ajiye?

Layi na jirana, ga abin da nake roƙo a gurguje:

- A ware wa yaro lokaci kullum, bayan la'asar ko da sassafe, ya yi wasan da zai yi gumi. Ba sai an haɗa awar a zama ɗaya ba.
- Babu fili? Tsakar gida ta isa tsallen igiya. Zaure ma ya isa.
- Makaranta ko Islamiyya in babu nisa kuma hanyar da aminci, a tafi a ƙasa, a haɗa su rukuni.
- A taron iyaye da malamai ku tambaya: yaushe rabon da a fitar da yaranmu fili? Ku nemi a nuna muku filin.
- A daina horon yaro da hana shi fita wasa, a daina kuma horonsa da tsallen kwaɗo. Shi ke sa ya tsani motsa jiki.
- Ruwan sha a kusa, kuma ban da tsakar rana lokacin zafi.
- Mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ku kawo shi mu faɗa muku irin wanda zai iya. Kar ku yanke masa hukuncin zama da kanku.

Ke ma Hajiya, da kai Alhaji da ke hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layinku, na gan ku.

Ita wannan yarinya, na rubuta mata maganin ciwon kai na kwana uku don kar uwar ta ce ta zo a banza. A ƙasan katin na rubuta "igiya", na ja layi biyu. Uwar ta yi dariya ta ce a wane kemis ake sayarwa. Na ce ta kwance igiyar shanya. Na ba su wata guda su dawo in sake ɗora ta a sikeli, ranar Alhamis mai zuwa ke nan, kuma na gaya wa uwar ita ma za ta hau.